Jan Nama da Lafiyar Zuciyarmu

Akwai wata tambaya da takan taso duk lokacin da aka yanka dabba, ko da Kirsimeti ko wurin biki: shin jan nama yana taimakon zuciya ne, ko cutar ta yake yi? Idan muka ce jan nama, muna nufin naman sa, da rago, da akuya, da alade. Kaza da zabo da kifi ba sa ciki.

Da fari dai, nama abinci ne mai kyau. Yana gina jiki, yana kuma ɗauke da sinadarin ƙarfe da bitamin B12, waɗanda jiki yake yin jini da su. Kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari ta yi suna wajen dabbobi, amma a Damari da ƙauyukan Sabuwa yawancinmu manoma ne. Tuwon masara da na dawa muke ci kullum, nama kuwa sai ranar kasuwa ko an yi baƙo. Mai irin wannan ci, ɗan naman da yake samu ba abin tsoro ba ne. Mace mai ciki da yaro mai tasowa sun fi kowa bukatarsa, gama ƙarancin jini ma yana gajiyar da zuciya. Saboda haka kada maigida ya cinye tsoka, ya bar wa yara romo.

Amma Hausawa sun ce, zuma da zaƙi da harbi. Harbin nama yana wuri biyu.

Na ɗaya, kitse. Ku duba miyar nama da ta kwana cikin hunturu, za ku ga kitse ya daskare fari a sama. Irin wannan kitse yana sa wani maiƙo mai suna kolestarol ya yi yawa cikin jini. Shekara da shekaru maiƙon yana taruwa a bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini, hanya tana ƙuntata. Ranar da ta toshe, sai mutum ya faɗi da ciwon zuciya. In ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe, sai ɓarin jiki ya shanye.

Na biyu, gishiri. Tsire da balangu da kilishi ba sa rabuwa da yaji, yajin kuwa da gishiri da magi ake haɗa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, watau kamar cokalin shayi ɗaya. Yawan gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna.

A shekarar 2021 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila sun tattara binciken da aka yi kan mutane fiye da miliyan 1.4, yawancinsu a Turai da Amurka. Sun iske duk ƙarin giram 50 na jan nama a kowace rana yana tare da ƙarin haɗarin ciwon zuciya na kashi 9 cikin 100. Naman da aka sarrafa da gishiri domin ajiya, irin su sosej, ya kai kashi 18. Ba su ga haka ga kaza ba. Ashe wanda ya kamata ya lura shi ne ɗan'uwan da hannunsa ya buɗe, yake wuni zaune a shago, kowace yamma kuma sai ya tsaya wurin mai tsire.

To, me za mu yi? Mu zaɓi tsoka, mu yanke kitsen kafin a dafa. Naman akuya ya fi na rago ƙarancin kitse. Mu rage gishiri da magi, daddawa ta ɗauki nauyin miya. Wasu ranaku wake, ko awara, ko gyaɗa, ko kifi su tsaya a madadin nama, tare da zogale da rama. Kowane babba kuma ya je asibiti a auna jininsa ko da yana jin garau. Idan awo ya yi ta kai 140 bisa 90, ya bi maganar likita, kada ya bar magani domin ya ji sauƙi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu.