Makokin Uban da Aka Daɗe da Rabuwa da Shi

A ƙasar Hausa, inda mutuwar aure ta yawaita, akwai 'ya'ya da dama da suka tashi agololi a gidan mijin uwa ko a hannun kaka, ba su san mahaifinsu ba sai a suna, wasu kuma sun san shi sarai amma ƙin ciyarwa, ko duka, ko auren dole ya shiga tsakaninsu shekara da shekaru. Fiƙihun Malikiyya ya bai wa uwa haƙƙin reno, na namiji har ya balaga, na mace har ta tare a gidan miji, ya kuma ɗora ciyarwa a wuyan uba ko da aure ya mutu, sai dai ba kowane uba ne ke sauke wannan nauyi ba. Ranar da irin wannan uba ya rasu, labarin kan iso ta waya daga bakin baffa ko goggo, sau da yawa bayan an riga an kai shi makwancinsa.

Wahalar takan fara ne a kan tabarmar makoki. Ɗan yana zaune a ƙofar gidan da bai taɓa kwana a cikinsa ba, tsakanin 'yan uban da da ƙyar yake tantance sunayensu, masu gaisuwa suna miƙo hannu suna cewa "ya haƙuri?", suna yabon halin mamacin da kalmomin da shi bai taɓa ganin shaidarsu ba. In idonsa ya bushe a ce dama bai san zafinsa ba, in kuwa ya yi kuka a tambayi inda yake lokacin jinya, wani ma ya raɗa cewa gado ne ya kawo shi. A 1989 masanin nan ɗan Amurka, Kenneth Doka, ya bayyana irin wannan hali a matsayin alhinin da jama'a ba su amince da shi ba, wato rashin da mutum yake ji a ransa amma al'umma ba ta ba shi damar bayyana shi ko karɓar lallashi a kansa ba.

Abin da ake wa kuka a nan sau da yawa fata ne, domin muddin uba yana numfashi ɗa yana riƙe da tsammanin wata rana za a kira shi a ce masa an yi kuskure, mutuwa kuwa ita ke rufe wannan ƙofa. Pauline Boss, wadda ta wallafa littafi a 1999 kan rashin da ba shi da tabbas, ta yi bayanin yadda ake rasa mutum alhali yana raye. Ɗan da aka yasar ya daɗe a cikin irin wannan rashi kafin na biyu ya zo ya same shi. Shi ya sa fushi da kewa da wani ɗan sauƙi a zuciya kan cakuɗe a wuni guda, sannan tsoron haƙƙin iyaye ya hau kai, mutum ya riƙa tuhumar kansa cewa shi ne ya yanke zumunci, ko da an rabu da shi tun yana goye.

Shari'a ta raba abin da ke wajibi da abin da zuciya ke ji, kuma a wannan rabewa akwai rangwame mai yawa. Nisa da gaba ba sa hana gado: ɗan da bai ga ubansa ba shekara talatin rabonsa daidai yake da na wanda ya yi jinya, bayan an biya bashi an zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, don haka karɓarsa ba abin kunya ba ne. Addu'a da sadaka da biyan bashin mamaci ayyuka ne da ɗa zai iya yi tun kafin zuciyarsa ta huce. Abin da bai dace ba shi ne dangi su tsare shi a gaban jama'a ranar sadakar uku su ce lallai ya furta ya yafe, domin yafiyar da aka ƙwata da kunya ba ta warkar da kowa, kuma musun cewa an cuce shi cuta ce ta biyu.

Mafi amfani shi ne a samu wata dattijuwa a dangin uba, galibi goggo, wadda za ta ba shi labarin mamacin ba tare da ƙawatawa ba, ta kuma saurari nasa ba tare da ta katse shi da "a yi haƙuri" ba. Idan kuwa alhinin ya zarce wata shida yana hana barci da aiki da mu'amala, Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022, ta lissafa shi cikin lalurorin da ake dubawa, kuma ya kamata a kai mai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa ko ƙwararren mai ba da shawara.