Canza Bawul a Amfilifaya: Abin da Yake Gyarawa da Wanda Ba Ya Gyarawa

Dattawan da suka ga akwatin rediyo na farko a ƙasar Hausa sun san ba a kunna shi ya yi magana nan take. Sai an jira shi ya ɗumama tukuna. In ka leƙa ta ramukan bayansa za ka ga wasu ƴan kwalabe a tsaye suna ja kamar garwashi. Su ne bawul. A kansu harkar sauti ta dogara lokacin da rediyo mai waya ya iso Kano a 1944, da lokacin da Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957.

Baturen Ingila John Ambrose Fleming ne ya ƙirƙiro bawul a 1904, Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara masa wata siririyar waya a 1906 wadda ta ba shi ikon ƙara ƙarfin sauti. Kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. Ana zafafa wani ƙarfe a ciki, wuta ta riƙa tsallakawa daga gare shi zuwa wani faranti, ita kuma wayar da ke tsakani tana rage ta ko ta sake ta daidai da muryar da ta shigo. Tiransisto da aka ƙera a Amurka a 1947 yana yin aikin nan ba zafi, ba jira, da batir kaɗan. Shi ya sa masunci a Kogin Haɗeja ya samu rediyon da zai sa a kwalekwale, mai noman rani ya samu na ratayewa a bukkar fadama.

Duk da haka bawul bai mutu ba. Masu kaɗa jita da masu tsananin son sauti a Turai da Amurka da Japan sun riƙe shi, har suka mayar da cire wannan a sa wancan wata sana'ar kanta, suna neman muryar da ta fi daɗi. Yanzu irin waɗannan na'urori kan ɓullo a cikin kayan gwanjo, ga kuma ƙanana ƴan China da ake saye ta intanet, don haka zancen ya fara zuwa kunnen mutanenmu.

Abu na farko da ya kamata a sani: amfilifayar masallacin unguwarku, da ta mai kiɗan biki, da wadda ake ɗaurawa a mota lokacin kamfe, kusan dukkansu na tiransisto ne. Babu bawul a cikinsu balle a canza, kuma ba a dasa musu shi. In wani ya ce a kawo kuɗi zai sa bawul murya ta gyaru, a riƙe kuɗin. Kiran sallar da ke fita a dishe yawanci laifin lasifikar da ta tsage ne, ko makirfo mai arha, ko waya da ta yi tsatsa, ko kuma an murɗa ƙarar har ƙarshe. A nan ne ma bambancin gaskiya yake: in aka matsa wa tiransisto fiye da ƙarfinsa, yanke sautin yake yi kai tsaye, kunne ya ji kaushi, bawul kuwa lanƙwasa shi yake a hankali, sai a ji kamar murya ta yi kauri. Wannan kaurin ne masoyansa ke biya da tsada.

Wanda yake da na'urar bawul ta gaske zai ga iri biyu a ciki. Ƙananan, masu tsawon ɗan yatsa, su ke karɓar sauti da farko. Mafi shahara shi ne 12AX7, wanda Turawan Turai ke rubuta wa ECC83. Suna biyu, abu ɗaya. Yana da ƴan'uwa masu ƙafafu tara iri ɗaya da nasa, 12AT7 da 12AU7, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba: 12AX7 yana iya ninka sauti kusan sau 100, 12AT7 wajen 60, 12AU7 bai kai 20 ba. Shigarsu rami ɗaya ba ta nufin aikinsu ɗaya. Canza ƙaramin bawul da wani mai lambarsa daidai ba shi da wahala, a kashe wuta, a bari ya huce, a zare shi a hankali ana ɗan girgizawa.

Manyan, irin su EL34 da 6L6 da EL84 da KT88, su ke tura lasifika, kuma su ke saurin gajiya. Yawanci bibbiyu ko hurhuɗu suke aiki, don haka ana sayen waɗanda aka auna aka ga sun yi daidai da juna. A na'urori da yawa, bayan an sa sababbi sai mai gyara ya sa mita ya daidaita yawan wutar da ke ratsa su. In ba a yi ba, za ka iya ganin farantin ciki ya yi jajawur. Da ka ga haka, kashe.

To, murya tana canzawa kuwa? In tsohon bawul ya gaji, ƙwarai kuwa, ko yaro zai ji. Alamunsa a fili suke: ƙara ta ragu, ana jin shuu ko ƙas-ƙas, ko ka ƙwanƙwasa shi da fensir ka ji amsa-kuwwa a lasifika. Dubi kuma tabon nan mai ƙyallin azurfa da ke cikin gilashin. In ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya tashi daga aiki. Amma tsakanin lafiyayyu biyu masu lamba ɗaya, bambancin ɗan kaɗan ne, kuma a ganina mutum kan ji abin da ya biya kuɗinsa ne. Gyara mazaunin lasifika a ɗaki ya fi wannan tasiri nesa ba kusa ba.

Masana'antun da suka rage ƙalilan ne: JJ a ƙasar Sulobakiya, wata a birnin Saratov na Rasha, da wasu a China. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai kaya suka yi ƙaranci, farashi ya tashi. Tsofaffin bawul na kamfanonin Mullard da Telefunken da ba a taɓa amfani da su ba suna da tsada sosai, kuma inda tsada take jabu na nan, don buga tambari a kan gilashi ba wuya. Wasu ƙananan na'urorin masu arha ma fitila ake sa wa a ƙarƙashin bawul don ya yi haske, alhali tiransisto ne ke yin babban aikin.

Haɗarin ba na wasa ba ne. Wutar da ke cikin irin wannan amfilifaya kan kai volt 300 zuwa 500, kuma wani ɓangare da ake kira kafasito yana riƙe ta bayan an zare soket. Kada wanda bai iya ba ya buɗe ƙasanta. Kada kuma a kunna ta ba a jona lasifika ba, tiransifomar ciki na iya ƙonewa, ita ce kuwa mafi tsada.

Ga mazaunin Haɗeja akwai ƙari. Bawul zafi yake fitarwa, a garin da bazara ke wuce digiri 40, don haka ba a cusa shi a kabad ko a lulluɓe shi da ƙyalle yana aiki. Ƙurar hunturu tana taruwa a ƙafafunsa ta jawo ƙas-ƙas, sai an riƙa sharewa da busasshen buroshi. Wutar KEDCO da ta janareta suna hawa suna sauka, sitabilaiza dole ce. In na'urar daga Amurka ta zo, duba bayanta, ta volt 120 ce, tamu kuwa 230. Mai sola ya sani tana shan wuta ko ba ta cewa komai. Wadda kuma ruwa ya taɓa, irin na ambaliyar 2022, ko ta kwana biyu a ɗaki mai danshi, a kai wa mai gyara ya busar da ita ya auna kafin a kusantar da ita da soket.