Yadda Ingila ta bi sawun jiragen Jamus a 1940

A shekarar 1940, bayan faɗuwar Faransa, jiragen yaƙin Jamus suka shiga kai wa Ingila hari. Tekun da ya raba Faransa da Ingila bai wuce kilomita 34 ba a inda ya fi ƙunci, jirgi kan ƙetare shi cikin ƴan mintoci. In aka jira sai ido ya gan shi, to, an makara.

Tun 1935 wani masani, Robert Watson-Watt, ya gwada cewa igiyar rediyo in ta bugi jirgi tana komowa kamar amsa-kuwwa. Kafin yaƙi ya ɓarke a 1939, an kafa tashoshin radar a jere bisa gaɓar teku. Igiyar tana gudun kilomita dubu 300 cikin sakan guda. In ta je ta komo cikin kashi ɗaya bisa dubu na sakan, jirgin yana nisan kilomita 150 ke nan.

Wajen auna nisa, tashoshin ba su cika kuskure ba. Rauninsu shi ne faɗin shiyyar da jirgin yake. Sai tashoshi uku su ga jirgi ɗaya a wuri uku, a zaci uku ne, a tura matuƙa inda babu kowa, mai ya ƙare a banza, abokan gaba kuwa su wuce.

Don haka aka keɓe ɗaki a Bentley Priory, cibiyar Hugh Dowding, shugaban rundunar jiragen tsaro, kusa da Landan. Kowace tasha tana aiko rahotonta ta tarho, ma'aikata kuma, da yawansu mata sojoji, suna aza alamomi bisa babbar taswira. Dabararsu ita ce riƙe abin da aka amince da shi, wato nisa: a zana baka daga wannan tasha, a zana wani daga maƙwabciyarta, inda suka gitta nan jirgin yake. Alamomi uku ko huɗu a jere sukan nuna inda ya dosa da irin saurinsa. Alamar da ta kauce ƙwarai sai a jefar da ita, hukuncin da ke neman gwaninta, domin wani sa'i jirgin ne ya juya da gaske.

Tashoshin teku suke fuskanta. Da zarar jirgi ya shigo tudu, sai masu tsaro da madubin hangen nesa su karɓi sawunsa, su ma suna aiko rahoto ta tarho.