Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka haɗa teburinka na farko

Mai sha'awar kafintanci a gida yakan fara da tunanin zarto da guduma. Amma wani babban abin da ke lalata kayan katako a ƙasar Hausa shi ne sauyin yanayi. Teburin da aka haɗa lafiya lau da damina, da hunturu ya kankama sai ka ga samansa ya tsage, ƙofar kabad ta karkace. Dalili kuwa, katako ba ya daina shan danshi da fitar da shi ko bayan an sare itacen.

Yadda katako yake motsi

Idan iska ta yi laima, katako yakan kumbura. Idan ta bushe, ya tsuke. Wannan motsin a faɗi da kauri yake faruwa, tsawo kuwa kusan ba ya canzawa. A wuri irin Kano ko Zinder, inda watan Agusta ke da laima sosai, watan Janairu kuma iska ta bushe ƙayau, saman tebur mai faɗin santimita 60 zai iya raguwa da kusan santimita 1. Idan an danne shi da ƙusoshi ta ko'ina, ba shi da wurin tsukewa, sai ya tsage.

Shi ya sa katakon da aka ɗauko daga dazuzzukan kudu yake bukatar hutu kafin a taɓa shi. Jera shi a inuwa, nesa da ƙasa, ka sa ƙananan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa. Kada ka shanya shi a rana, domin bayansa zai riga cikinsa bushewa, bakinsa ya dare.

Wane katako za ka saya

Maɗaci ja ne, yana da kyan gani, kuma yana karɓar gogewa. Loko, wato iroko, yana jure gara da ruwa, sai dai ƙurarsa tana sa ƙaiƙayi da tari, don haka a rufe hanci. Obece fari ne marar nauyi, yana da sauƙin yanka, amma ƙwari suna sonsa kuma bai dace da ƙafar kujera ba. Madobiya kuwa an sare ta fiye da kima don kai wa Sin, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu tun 2017.

Ko wanne ka zaɓa, guji farin gefen falanki. Nan ne ƙwari ke fara ci, su bar garin katako a ƙasa. Don bayan kabad da gindin durowa, filawud ya fi, saboda an manna shi falle-falle a giciye, motsinsa kaɗan ne.

Haɗi ya fi ƙusa

Ƙusa tana sakin jiki idan katako ya yi ta kumbura yana tsukewa. Haɗin da ya fi ƙarko tsakanin ƙafar tebur da sandar da ke riƙe ta shi ne a feƙe harshe a bakin sandar, a huda rami daidai da shi a jikin ƙafar. Kaurin harshen ya zama kusan kashi 1 cikin 3 na kaurin sandar, ya shiga da ɗan bugu ba tare da ya fasa ƙafar ba. Farin gam yana kamawa sosai idan gefe ya haɗu da gefe, amma a bakin katako inda aka yanke, tsotse shi ake yi, haɗin ya yi rauni. Matse aikin, ka bar shi awa 24 kafin ka ɗora masa nauyi.

Saman tebur kuwa, ɗaure shi da sukurori ta ƙasa, ka ɗan tsawaita ramukansu ta fuskar faɗi don ya samu wurin motsi.

Gogewa da shafe

Fara da sanfefa mai lamba 80, sai 120, sai 180, kana bin tsawon jijiyar katako. Karcen da aka yi a giciye ba ya fitowa sai an shafa banish, lokacin kuma gyara ya yi wuya. Banish yana yin rufi mai jure ruwa, ya dace da teburin cin abinci. Shafi uku marasa kauri, da gogewa kaɗan a tsakani, sun fi shafi ɗaya mai kauri. Mai da kakin zuma sun fi sauƙin sabuntawa, amma kofin ruwa yana bar musu tabo. Tsumman da ya sha man linsid kada a dunƙule shi a ajiye, yana iya kamawa da wuta da kansa. A baza shi a waje ya bushe.

Abin da aka fi mantawa shi ne shafe ƙasan tebur kamar yadda aka shafe samansa. Idan fuska ɗaya ce a rufe, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai, falankin ya lanƙwashe. Kuma da hunturu, yayyafa ruwa a daɓen ɗakin kafin ka fara shafe, don ƙura ta kwanta kada ta manne a jikin aikin.