Ofisoshi uku, uwar garke ɗaya: yadda ake raba layin kwamfutoci a gini guda

A New Bell, musamman kewayen unguwar Hausawa da hanyoyin da suka nufi Marché Central, ba abin mamaki ba ne ka tarar da sana'o'i uku a bene ɗaya: ofishin masu jigilar kaya daga Garoua da Maroua, shagon tura kuɗi na Orange Money da MoMo, sai wurin buga takardu. Haya a Douala da tsada, saboda haka ana haɗa kuɗi a ɗauki intanet ɗaya, a sayi babbar kwamfuta ɗaya ta ajiyar takardu, wato uwar garke, wadda masu gyara ke kira serveur. Haɗin guiwar ba laifi. Matsalar ita ce galibi ana jona kowa da kowa a layi ɗaya, har da wayoyin baƙi da aka ba lambar Wi-Fi.

A irin wannan haɗi, kowace kwamfuta tana ganin 'yar'uwarta. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta filashin wani kwastoma a wurin buga takardu, ba abin da zai hana ta isa kwamfutar mai lissafin kuɗi. Haka WannaCry ta yi a watan Mayun 2017, lokacin da ta bazu a ƙasashe kusan 150 ta ƙofa mai lamba 445, wadda Windows ke raba takardu da ita.

Maganin shi ne a ba kowane ofis ƙaramin layinsa, sous-réseau da Faransanci. Mu ɗauki misali: masu jigila su karɓi adireshi masu farawa da 192.168.10, shagon kuɗi 192.168.20, masu buga takardu 192.168.30, baƙi kuma 192.168.40. Kowane rukuni yana ɗaukar na'urori 254, wanda ya ishi kowa har da rara. Waɗannan lambobi an ware su ne don amfanin cikin gida, ba a biyan kowa a kansu. Sai dai a guji 192.168.1, domin akwatunan intanet da yawa suna zuwa da shi tun daga kamfani. Ita uwar garke a ba ta nata layin daban, da adireshin da ba ya canzawa, kamar 192.168.50.10.

A nan ne masu gyara da dama ke yin aikin ganin ido. Sukan canza lambobin kawai, su bar dukan wayoyin a jone da ƙaramin suwic mai araha. Wannan ba rabuwa ba ce: duk wanda ya iya canza adireshin kwamfutarsa da hannu ya shiga layin maƙwabcinsa cikin minti ɗaya. Ana bukatar suwic mai karɓar saiti, wanda ya san VLAN. Shi ne ke manna wa kowane saƙo alamar ofishin da ya fito, ya kuma ƙi miƙa shi ga ramin da ba nasa ba. Daga suwic ɗin waya ɗaya ce ke ɗaukar dukan layukan zuwa rauta. Ƙaramar MikroTik ta isa wannan aiki, kuma ana samun irinta a shagunan kayan kwamfuta na Akwa.

Rauta ita ce mai gadin ƙofa, kuma idan ba a ba ta umarni ba, za ta sake haɗa layukan da aka wahala wajen rabawa, domin aikinta ke nan. Don haka ake rubuta dokoki a katangar tsaronta, pare-feu. Na farko, a bar amsar duk wata magana da aka riga aka fara ta wuce. Na biyu, a bar ofisoshin uku su isa 192.168.50.10 ta ƙofa 445 kaɗai. Na uku, kowa ya fita intanet. Na ƙarshe, a toshe duk sauran zirga-zirga tsakanin layukan, baƙi kuma kada su ga ko inuwar uwar garken. Jerin yana da muhimmanci, domin rauta daga sama take karantawa, ta tsaya a dokar farko da ta dace. Wanda ya sa dokar toshewa a sama ya rufe kowa, har da kansa.

Bayan an gama, abu biyu sukan tayar da hankalin masu ofis. Uwar garke takan ɓace daga jerin «Réseau» na Windows, saboda kiran da kwamfutoci ke yi don gano juna ba ya tsallake layi. Ba lalacewa ba ce. A rubuta \\192.168.50.10 a saman taga, a ajiye gajeriyar hanya a fuskar kwamfuta. Na biyun kuma, katangar Windows da ke kan uwar garken kanta takan amince da 'yan layinta kawai, sai an ƙara mata adireshin ofisoshin uku.

Raba layi bai raba takardu ba. Tunda duka ukun suna isa kwamfuta ɗaya, dole kowane ma'aikaci ya sami sunansa da kalmar sirrinsa, kowane ofis da jakarsa da ba mai buɗewa sai mutanensa. A ganina wannan ya fi VLAN ɗin ma wuyar tabbata, domin mun saba da kalmar sirri ɗaya da kowa ya haddace, har yaron da ya bar aiki bara. Shagon da ke riƙe hotunan katin shaida na kwastomomi ya tuna cewa Kamaru tana da dokar tsaron intanet tun Disambar 2010, kuma amanar bayanan mutane tana wuyansa.

Kafin a sallami mai gyara, a sa shi ya gwada a gaban kowa: daga kwamfutar masu jigila ya yi ping zuwa ta shagon kuɗi, a ga ya ƙi, ya buɗe jakar uwar garke, a ga ta buɗu, ya maimaita da wayar da ke kan Wi-Fi na baƙi. A karɓi kwafin saitin rauta da na suwic a filashi, tare da kalmomin sirrinsu a rubuce. Rauta, suwic da uwar garke kuma a jona su da onduleur ɗaya, tunda ɗaukewar wuta a Douala ba ta sallama.