Agamemnon: Jirgin Yaƙin Da Ya Koma Dakon Wayar Tangarahu

A watan Mayun 1852 aka tura wani sabon jirgin ruwan yaƙi cikin kogi a Woolwich, kusa da Landan, aka raɗa masa suna Agamemnon. Na katako ne, igwa 91 yake ɗauke da su, ga dogayen sanduna da manyan ƙyallayen da iska ke turawa, irin na kaka da kakanni. Sai dai a cikinsa akwai injin tururi da farfela, kuma shi ne babban jirgin yaƙi na farko da Ingila ta ƙera da inji tun daga tushe. Injinan lokacin ci ne da su, kwal ba ya kai su nesa, don haka iska ce ke yin yawancin aikin doguwar tafiya.

Bai daɗe ba ya shaƙi albarushi. A yaƙin Kirimiya shi ya ɗauki tutar Admiral Edmund Lyons, kuma ranar 17 ga Oktoba 1854 yana cikin waɗanda suka matsa kusa da ganuwar Sebastopol suna ruwan wuta kan sojojin Rasha.

Aikin da ya fito da sunansa bai shafi igwa ba. Wani attajirin Amurka, Cyrus Field, ya ƙudura aniyar haɗa Turai da Amurka da wayar tangarahu ta ƙarƙashin Atlantika. Wayar jan ƙarfe ce da aka lulluɓe da ɗanƙon wata bishiya ta yankin Malaya, aka kuma naɗe da ƙarfe. Nauyinta ya kai tan 2,500, babu jirgi ɗaya da zai iya da ita. Sai aka raba: rabi ga Agamemnon, wanda aka kwashe wa igwoginsa, rabi ga Niagara na Amurka. Yunƙurin 1857 ya watse bayan mil ɗari uku da ɗoriya, wayar ta tsinke.

A yunƙuri na gaba, cikin Yunin 1858, ne jirgin ya ga ta kansa. An jibge wani kaso na wayar a saman bene, alhali jirgin yaƙi a ƙasa ake so nauyinsa ya zauna. Guguwa ta taso ta yi sama da mako tana jijjiga shi. Kwal ya ɓalle daga ma'ajiyarsa ya raunata ma'aikata, wayar ta cukurkuɗe, saura ƙiris ya kife da kowa, har da masanin lantarki William Thomson. Cewa sun sake fita wata guda bayan haka, taurin kai ne da ya cancanci jinjina.

Ranar 29 ga Yuli jiragen biyu suka ƙulla wayoyinsu a tsakiyar teku, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ranar 5 ga Agusta Agamemnon ya isa tsibirin Valentia a Ayalan, Niagara kuma ya isa Newfoundland. Gaisuwar Sarauniya Biktoriya ga Shugaba Buchanan na Amurka, kalmomi 98, ta ci wajen awa 16 kafin ta gama wucewa. Duk da haka ta fi jirgin wasiƙa mai kwana goma.

Murnar ba ta yi nisa ba. Wildman Whitehouse, jami'in lantarkin kamfanin da ke aikin wayar, ya danna wa wayar wuta mai ƙarfin gaske, ta mutu cikin 'yan makonni. Sai 1866 ƙaton jirgin Great Eastern ya shimfiɗa mai ɗorewa. Agamemnon kuwa an ajiye shi a 1862, aka sayar wa masu farfasa jirage a 1870.