In Silon Tsohuwar Mota Ya Hau, Kada A Fara Da Sukuru

In kaka ta yi, aka girbe dawa, aka cire gyaɗa a Saji da sauran ƙauyukan ƙasar Rano da Kibiya, yawancin amfanin gona a tsofaffin motoci ya ke fita zuwa kasuwar Rano, ko Dawanau ta Kano. Cikinsu har da akori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Motocin nan suna da wata cuta da direbobi su ke rainawa, watau hawan silo. Dā a kan ƙyale ta, don mai yana da araha. Amma tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, har ta haura 1,000 a wurare da yawa cikin 2024. To, wannan ɓarna ta wuce a kau da kai.

Silo shi ne aikin da injin ya ke yi sa'ad da mota ta ke tsaye, ba a taka totur ba. Lafiyayyen injin fetur, in ya ɗauki zafi, ya kan juya kamar sau 700 zuwa 900 a minti. Ga lissafi, ko malamai sa ba yara a aji. Kowace silinda tana ƙona mai sau ɗaya cikin juyi biyu. Saboda haka injin mai silinda 4, in yana juyi 800, ƙuna 1,600 ke nan a minti. In ya hau zuwa 1,600, ƙuna ta zama 3,200, ga mota ko taku ɗaya ba ta yi ba. Banda mai kuma, giya ta kan shiga da ƙara, kuloci ya cinye, birki ya wahala a gangara, wani lokaci ma a kashe makulli injin ya ci gaba da kakari.

Abin da yawancin mutane su ke yi shi ne su ɗauko sukudireba su murɗa sukurun silo na jikin kafireta. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. In ba wanda ya taɓa sukurun nan, silo kuma ya hau, lalle akwai dalili a wani wuri. Galibi injin ba ya ƙara gudu sai ya sami ƙarin iska. Don haka tambayar guda ce: ta ina iskar ta ke shiga?

Da farko a bar injin ya yi zafi, domin mai sanyi dā ma ya kan ɗan ɗaga murya. A ja birkin hannu, a naɗe hannun riga saboda farfela da bel. Sa'an nan a duba cok, a tabbata ya koma wurinsa sarai, gama in ya maƙale ya kan riƙe bakin totur a ɗan buɗe.

Na biyu, a danna hannun totur da ke jikin kafireta da yatsa, wajen rufewa. In silo ya sauka, to, ƙofar ce ba ta rufewa. Ko waya ta yi tsatsa, ko an ɗaure ta tamau, ko sifirin ya saki, ko ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta daskare a wurin. Har buhun da a kan shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafar direba ya kan tokare feda.

Na uku, in ƙofa a rufe ta ke amma injin bai sauka ba, iska ce ta ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Nan ne aiki ya ke. A kasa kunne ko za a ji tsaki kamar na maciji. A bi robobin da ke shiga manifol ɗaya bayan ɗaya, a matse kowace da filaya. Wadda aka matse murya ta sāke, ita ce mai laifi, ko abin da ke ƙarshenta. In babbar robar da ke zuwa tukunyar birki ce, kada motar ta ɗauki lodi sai an gyara, don maganar ta koma ta rai. Bayan haka a yayyafa ruwa kaɗan a gindin kafireta da mahaɗar manifol. In ruwan ya toshe kafa, murya za ta sāke nan take, an gane gaskit ya ƙone. Ruwa aka ce, kada a yi da fetur.

Na huɗu, a sa makaniki ya duba tayimin, domin in wuta tana riga lokacinta silo ya kan hau. Sai an gama duk wannan a ke komawa ga sukuru, a daidaita shi a hankali.

Manyan motocin gas, irin su Mercedes 911, nasu daban ne. Ba su da kafireta, famfon mai ne ya ke riƙe silo, shi kuwa ba aikin gindin bishiya ba ne. In injin gas ya ɗauki gudu da kansa, hayaƙi ya turnuƙe, aka kashe ya ƙi mutuwa, baƙin mansa ya ke sha. A sa babbar giya, a take birki, a saki kuloci, ko a toshe bakin iska da katako. Kada a kuskura a sa tafin hannu.

Akawun da ke lura da motar hukuma, da malamin da ya haɗa kuɗi da 'yan'uwa aka sayi akori-kura, ya kamata su riƙe littafin mai, su riƙa rubuta lita da nisan tafiya. In makaniki ya ce ya gyara silo, a tambaye shi abin da ya tarar. In amsarsa ita ce ya rage sukuru kawai, aiki bai ƙare ba tukuna. Allah ya kiyaye hanya, amin.